Cikon turmin baya: na azurfa ko mai launin haƙori?

Abban_Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana haƙori da ke zauren nan. Turmin ƙasa na baya ne ya yi kogo a wurin tauna, ruɓar ta ɗan ci gefen da ke manne da na kusa da shi. Ba ya hana barci, sai dai idan ruwan sanyi ko zaƙi ya taɓa shi ya yi tsam na ɗan lokaci ya daina. An ce ana iya cike shi da na azurfa ko da mai launin haƙori, wanda ya fi tsada. Wasu kuma na cewa na azurfa guba ne, har Turai sun hana. Wanne ya dace, kuma don me?

Likitan_Lamingo:
Wa alaikumus salam, Malam. Alamun da ka faɗa ba su da muni. Ciwon da sanyi ke tayarwa ya lafa cikin 'yan daƙiƙu yana nuna jijiya ba ta lalace ba tukuna, ciko zai iya wadatarwa. Da a ce yana tashi da kansa cikin dare, ko zogin ya wuce rabin minti bayan ka haɗiye ruwan, ko shayi mai zafi ne ke tayar da shi, to magana ta wuce zaɓen ciko, sai aikin cire jijiya ko cire haƙorin. Don haka kafin komai a ɗauki hoton eksire, domin kogon da ke tsakanin haƙora biyu ido ba ya ganin zurfinsa.

Na azurfa shi ne amalgam. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, saura garin azurfa da kuza da jan ƙarfe. Ba ya mannewa da haƙori, cusa shi ake yi a danne, saboda haka dole a fafe ramin yadda cikinsa zai ɗan fi bakinsa faɗi, kuma kaurin cikon kada ya gaza milimita 1.5 zuwa 2, in ba haka ba zai tsage. Wato wani lokaci sai an yanke lafiyayyen haƙori don a sama masa wurin zama. Amfaninsa shi ne juriyar tauna, da kuma haƙuri da ɗan danshi. Wanda aka yi da kyau yakan kai shekara 10 zuwa 15, wasu su wuce.

Mai launin haƙori shi ne kompozit, roba ce da aka cakuɗa da garin gilashi. Manna shi ake yi, don haka ruɓar kawai ake cirewa. Amma ba ya yafe kuskure ko kaɗan. Ga turmin ƙasa na baya, inda yawu ke taruwa, abin da zan fara tambaya shi ne ko za a iya busar da wurin sosai har a gama.

MamanKhalil:
Likita, ni zaibar ce ke ba ni tsoro. Rabin abu guba ne, kuma a bar shi a bakin mutum shekara da shekaru?

Likitan_Lamingo:
Hajiya, tsoron yana da tushe, amma a auna shi. Da zarar zaiba ta haɗu da garin ƙarfen ta daskare, ba ta nan a matsayin ruwa. Ɗan tururi kaɗan yana fita lokacin tauna, gaskiya ne. An yi manyan bincike biyu a kan yara, ɗaya a Amurka ɗaya a Fotugal, aka buga su a 2006: an bi yaran shekara 5 a ɗaya, 7 a ɗaya, ba a ga bambanci a ƙwaƙwalwa ko ɗabi'a tsakanin waɗanda aka yi wa amalgam da waɗanda aka yi wa kompozit ba. Duk da haka akwai waɗanda ake kauce musu: mai juna biyu, mai shayarwa, ƙananan yara, mai ciwon ƙoda, mai cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da wanda jikinsa ba ya karɓar zaiba.

Muhalli_Bukuru:
In ƙara a kan batun hanin Turai. Tarayyar Turai ta hana amfani da amalgam daga 1 ga Janairun 2025, sai inda likita ya ga lalura ta musamman. Babban dalilin muhalli ne: zaibar da ke bin ruwan asibiti ta shiga magudana, da wadda ake ƙonawa cikin shara. Tushen abin shi ne Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017, Najeriya kuma ta amince da ita a 2018. A 2022 aka ƙara mata sharaɗi cewa a guji amalgam a haƙoran nono, da yara 'yan ƙasa da shekara 15, da masu juna biyu da masu shayarwa, kuma a daina auna zaiba daga kwalba, a riƙa amfani da kafso da aka auna daga kamfani. Wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye. Duk inda ka ga ana ɗiga zaiba ana dama ta da hannu ana matse ta a ƙyalle, tashi ka bar wurin. Haɗarin ya fi yawa a kan ma'aikatan da ke shaƙa kullum, kuma ma'aunin ba ya daidaita, cikon ya fito ko dai da ruwa-ruwa ko da gari-gari.

DanFarinGada:
To tunda duniya ta bar shi, a taƙaita magana, kompozit ya fi. Ya fi kyau a ido, babu zaiba, kuma ba a ɓarnar haƙori.

Nas_Hakori_Jos:
DanFarinGada, a hankali. Bari in zayyana yadda ake sa kompozit, sai ka ga wuraren da yake lalacewa.

Da farko a zaɓi launi tun haƙorin yana jiƙe, domin busasshen haƙori yana yin haske ya yaudari ido. A killace haƙorin da shimfiɗar roba, in babu, a jera auduga ta ɓangaren kunci da na harshe, na'urar zuƙe yawu tana aiki. Bayan an yashe ruɓar, a shafa asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 37 cikin ɗari, kamar daƙiƙa 30 a kan farin ɓawon waje, daƙiƙa 15 kawai a kan sashen ciki da ake kira dentin. A wanke sosai, a busar amma a bar dentin da ɗan danshi, don idan ya bushe ƙayau gam ba ya shiga cikinsa. A shafa gam, a hura iska a hankali, a haska shuɗiyar fitila. Sannan a zuba kompozit hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce milimita 2, a haska kowanne daƙiƙa 20 zuwa 40 gwargwadon ƙarfin fitilar da umarnin kamfani.

Ɗigon yawu ko jini guda bayan asid ya isa ya ɓata mannewar. Idan aka zuba shi dunƙule ɗaya don sauri, sama zai yi tauri ƙasa ya zauna da laushi. Kuma yana tsukewa wajen daskarewa, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ya sa ake yin hawa-hawa, kada ya janye daga bango ya bar kafa. Ta wannan kafar ce sanyi ke shiga, daga baya ruɓa ta dawo a ƙarƙashi mutum bai sani ba. A binciken yaran nan da Likita ya ambata, cikon kompozit a turame ya fi na amalgam saurin buƙatar sauyi, kuma mafi yawa saboda sabuwar ruɓa a gefe.

Teknishan_Dilimi:
Sista ta faɗi gaskiya, ga kuma batun fitila da ba a cika kula da shi ba. Fitilar da batirinta ya yi sanyi, ko bakinta ya yi datti da busasshen gam, za ta ba da shuɗin haske kamar kullum amma ƙarfin ya ragu. Ido ba ya ganewa, sai da na'urar gwaji. Nisa ma yana rage ƙarfi, bakin fitilar ya kamata ya kusa taɓa cikon. Da yanayin wutarmu, asibitin da ba shi da janareto ko sola mai ɗaukar kwamfireso da na'urar zuƙa, kada ya fara kompozit a turmin baya. Idan wuta ta ɗauke bayan an sa asid, ba iska ba zuƙa, aikin ya ɓaci. A duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin sirinji da kwalbar gam, kuma kada a ajiye su inda rana ke duka.

Abban_Rikkos:
Na gode ƙwarai. Ke nan in tambayi likitan ko yana da robar killacewa?

Nas_Hakori_Jos:
Tambaye shi, Malam, ba rashin ladabi ba ne. Ka kuma tambayi inda gefen kogon ya tsaya. Idan yana sama da dasashi, busarwa ba wuya. Idan ya nutse ƙasan dasashi, wurin yana tsattsafo da ruwa da jini, kompozit zalla zai wahala.

Baba_Therapist:
Kun manta da na uku, gilas-ayonoma. Garin gilashi ne mai fuloraid da ruwan asid mai sauƙi, a dama su a kan takarda. Yana kama haƙori da kansa ba tare da gam ba, yana haƙuri da danshi, yana sakin fuloraid a hankali zuwa gefen ramin. Ba ya buƙatar fitila ko injin kaɗawa. A kansa aka gina hanyar cike haƙori da kayan hannu kawai, wadda aka fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Ga ƙauyukanmu na Filato da ba wuta, wannan babban abu ne.

Yadda ake yi: a kankare ruɓa mai laushi da ɗan cokalin aikin, a shafa ruwan share rami daƙiƙa 10 zuwa 15, a wanke, a tsane da auduga ba tare da an ƙafar da shi ba. A girgiza kwalbar garin, a ɗebi cokali a shafe bakinsa, a ɗiga ruwa kwalbar tana tsaye kai ƙasa don kada kumfa ya rage ɗigon. A dama cikin rabin minti. A sa shi tun fuskarsa tana sheƙi, idan sheƙin ya tafi ya riga ya fara daskarewa, ba zai kama ba. A danne da yatsa mai safar hannu da aka shafa wa basilin, a rufe da basilin, mutum ya yi awa ɗaya bai ci komai ba. A rufe kwalbar garin nan take, yana shan danshin iska.

Inda yake da rauni shi ne tauna. A ƙaramin rami mai fuska ɗaya yana daɗewa. A irin na Abban_Rikkos da ya ci gefe, a turmin babban mutum, gefen zai gutsure. Ba zan ba shi shawararsa shi kaɗai ba.

Likitan_Lamingo:
Shi kaɗai a'a, Baba, amma a haɗa. Idan gefen ya nutse kamar yadda Sista ta ce, ana shimfiɗa gilas-ayonoma a ƙasa inda danshi yake, a ɗora kompozit a sama inda ake tauna. Akwai ma nau'insa da aka sa wa roba, wanda ake haskawa da fitila, ya fi dacewa da wannan aikin.

Ummu_Hanan:
Ɗiyar shekara 5 fa, turminta na nono ya yi rami? Mutane na cewa a bar shi tunda zai faɗi.

Baba_Therapist:
Kada a bar shi, Hajiya. Turamen nono ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12, kuma su ke riƙe wa na dindindin wuri. Ƙaramin rami, gilas-ayonoma. Babba da ya ci gefe, hular ƙarfe ta yara ta fi kowane ciko daɗewa. Idan yarinyar ba ta zama a kujera, akwai ruwan azurfa mai fuloraid da ake ɗigawa ya tsayar da ruɓar, amma a sani wurin zai koma baƙi ƙirin kuma ba ya gogewa, a gaya wa iyaye tun kafin a sa. Amalgam kam ba na shekarunta ba ne.

Alhaji_Gangare:
Ni tambayata daban ce. Mai haƙorin Makka a kusa da turmin, ko yana da tasiri?

Teknishan_Dilimi:
Yana iya yi, ranka ya daɗe. Ƙarfe biyu mabambanta a cikin yawu, idan suna taɓa juna ko suna haɗuwa wajen cizo, sukan haifar da ɗan lantarki. Mutum ya ji tsam kamar an ja shi, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, amalgam ɗin kuma ya fi saurin tsatsa. Yawanci yana raguwa da lokaci, amma idan hular zinariya tana manne da wurin ko tana saman sa kai tsaye, gara a sa wanda ba ƙarfe ba. A kuma duba bakin hular kanta. Wadda aka sanya ba a auna ba tana tara abinci a gindinta, haƙorin ya ruɓe a ɓoye.

MamanKhalil:
To wanda yake da tsofaffin na azurfa guda uku ko huɗu, ya je a cire a mayar da farare?

Likitan_Lamingo:
In ba su tsage ba, ba ruɓa a gefe, ba ciwo, a bar su. Lokacin sawa da lokacin cirewa ne tururin zaiba ya fi fita, kuma duk cirewa tana tafiya da wani yanki na lafiyayyen haƙori, ramin ya ƙara girma ya matsa kusa da jijiya. Tsohon amalgam ma yana da wata ɗabi'a: tsatsar da yake yi tana toshe 'yar kafar da ke tsakaninsa da haƙori. Idan dole a cire, a yi da feshin ruwa mai yawa da zuƙa mai ƙarfi, a yanka shi gunduwa-gunduwa a ɗago maimakon a niƙe shi duka. Mai juna biyu ta jira ta haihu, sai in lalura ta tilasta.

Muhalli_Bukuru:
Kuma gutsattsarin kada su shiga kwandon shara ko magudana, a tara su a kwalba mai murfi. Hajiya, idan zaiba ce damuwar, a duba man bilicin da ba a san asalinsa ba, domin ana samun ta a wasunsu, ana kuma shafawa kullum a fata. Masu wanke zinariya da zaiba suna ƙona ta a fili, su ne kan gaba a duniya wajen sakin ta a iska.

DanFarinGada:
Na ji duka, amma har yanzu ina kan kompozit. Kayan yanzu ba irin na shekara 20 da suka wuce ba ne. Akwai wanda ake zubawa har milimita 4 a hawa ɗaya, akwai gam da ba ya buƙatar asid daban. Kuma idan gefensa ya gutsure ana iya gyara wurin kawai a ɗora sabo. Amalgam babba kuma yana zaune ne kamar tsinke a tsakiyar haƙori, bangon da ya rage siriri yana iya tsagewa wata rana a kan ƙashi ko dutsen shinkafa.

Nas_Hakori_Jos:
Batun gyara gaskiyarka ne, babbar fa'ida ce. Mai milimita 4 ɗin ma akwai shi, amma nau'i ne na musamman, ba kowane sirinji ba, kuma shi ya fi buƙatar fitila mai ƙarfi. Gam mai haɗe da asid ma akwai shi, sai dai a kan farin ɓawon waje har yanzu shafa asid daban ya fi kamawa. Tsagewar bango kuma ba ta san kaya ba: duk ramin da ya ci fiye da rabin faɗin turmi, ko ƙahonsa ɗaya ya tafi, ko aka cire masa jijiya, abin da yake so rufi ne daga sama, ko dai hula cikakkiya ko rabin hula da ake ƙerawa a ɗakin gwaji. Wannan zuwa biyu ne, a ɗauki awo a sa na wucin gadi, a dawo a manna.

Teknishan_Dilimi:
A kan na wucin gadi: irin farin nan mai ƙanshin kanumfari yana kwantar da jijiya, amma man da ke cikinsa yana hana kompozit daskarewa da kyau. Idan an san kompozit za a sa daga baya, a yi na wucin gadin da gilas-ayonoma ko wani da ba shi da man. Masu cusa kanumfari ko audugar mansa a rami a gida su gaya wa likita. Kuma na wucin gadi na makonni ne, kada ciwo ya lafa mutum ya ɗauka an gama.

Malama_Langtang:
Mu a wajenmu haƙoran mutane da yawa suna da ɗigo-ɗigon fari da ruwan ƙasa tun yarinta. Ciko yana kama irin wannan?

Likitan_Lamingo:
Wannan yawan fuloraid ne a ruwan sha lokacin da haƙoran ke tsirowa, an san yankin Langtang da shi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita. Irin wannan ɓawon asid ba ya cin sa da sauƙi, don haka sai an ɗan goge fuskarsa an kuma ƙara lokacin asid kafin gam ya kama. Daidaita launi ma yana da wuya. A turmin baya ba matsala sosai, a haƙoran gaba ne ake shan aiki.

Alhaji_Gangare:
Masu cin goro kuma fa? An ce farin yana rinewa.

Baba_Therapist:
Yana rinewa, Alhaji, musamman layin gefe. Goro, baƙin shayi, taba. Gogewa mai kyau a ranar aiki tana rage shi, don fuska mai kaushi ita ke riƙe launi. Maganin hasken haƙori ba ya canza launin ciko. Sannan masu dirzar haƙori da gawayi ko toka ko asuwaki mai tauri daga gefe zuwa gefe, su ke samun ɓangarewa a wuyan haƙori kusa da dasashi, wanda iskar hunturun Jos ke sa wa tsami. Wannan wurin gilas-ayonoma ya fi dacewa da shi. Kowane ciko aka zaɓa, in ba a rage zaƙi tsakanin abinci ba, ba a goge baki sau biyu da man da ke da fuloraid kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan (ppm) ba, ruɓa za ta dawo a gefensa. Bayan gogewa a tofar kawai, kada a kurkure.

Abban_Rikkos:
Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta: hoto tukuna. In gefen yana sama da dasashi kuma akwai kayan busarwa da wuta, kompozit. In ya nutse, ko dai a haɗa biyu ko na azurfa. Haka ne?

Likitan_Lamingo:
Haka zan yi. Ka tabbatar mai aikin yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya. Kowanne aka sa, a ɗaura zoben ƙarfe a kewaye haƙorin a cusa ɗan tsinke a gindi, don cikon ya manne da maƙwabcinsa daidai. In aka bar rata nama zai riƙa maƙalewa, in ya yi tudu ƙasan dasashi zai riƙa jini. Kafin ka tashi a gwada da zaren sakace, ya shiga da ɗan ƙarfi ya fita bai tsinke ba. A sa ka ciji shuɗiyar takardar da ke nuna inda cikon ya yi tudu. Idan allura ta sake ka ji wannan haƙorin ne ke fara taɓawa, koma a rage tudun, aikin minti biyu ne, barinsa kuma yana jawo ciwon tauna. Amalgam kada ka tauna abu mai tauri a kansa sai bayan awa 24. Kompozit ya gama tauri tun a kujera, jira kawai leɓe ya sake. Ɗan tsami da sanyi na mako ɗaya ko biyu ba laifi, muddin yana raguwa.

DanFarinGada:
In gefen ya nutse ma ni haɗin biyun zan zaɓa. Kafson amalgam zai ƙara wuyar samu a kasuwa, kuma matasan likitoci hannunsu ya fi sabawa da kompozit.

Nas_Hakori_Jos:
Haɗin biyun yana da nasa rauni, gilas ɗin da ke fuskantar yawu a tsakanin haƙora yana zaizayewa a hankali, sai an riƙa dubawa da hoto. Ga babban namiji mai lafiyar ƙoda, turmin ƙarshe na ƙasa, rami mai zurfi ƙasan dasashi, kuma ba lallai ya dawo dubawa duk shekara ba, ni har yanzu amalgam na kafso zan sa. Malam, idan hoton ya fito ka gaya mana tazarar da ke tsakanin ruɓar da jijiya, don in ta yi kusa sosai akwai shimfiɗar da ake fara sawa kafin kowane ciko.